Ranar da Na Gwada Surukata da Auduga

Ba zan taɓa mantawa da hannun nan ba, yadda ya fito daga bayan asabari da tsakar rana, shi kaɗai, ba fuska ba murya, ya tsaya a iska yana jirana. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in labule ya motsa a wurin aiki sai gabana ya faɗi. Hannun surukata ne, uwar matata Luba, kuma abin da na yi masa ranar nan shi ne wauta mafi girma da na taɓa tafkawa da farar riga a jikina.

Bari in fara da gaskiyar da ban cika son faɗi ba: ni ba likita ba ne. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wani ƙaramin asibiti a Jega, aikina jini da fitsari da majina (da wani abu na huɗu da ba sai na ambata ba). Amma a Liba, garin su Luba, tun ranar da aka ga na sauko daga babur da farar riga aka raɗa mini Likita, ni kuma har yau ban samu sararin gyara musu ba. Sunan yana da daɗin ji, musamman in dattawa ne suka faɗe shi.

A lokacin ina ƙaro karatu a Aliero duk ƙarshen mako, kuma an shigo mana da wani darasi da ya hau mini kai. Darasin garkuwar jiki ne. Kowa ya san a cikin jini akwai ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, su ne sojojin jiki. Abin da ban sani ba sai lokacin, ashe a cikinsu akwai wasu 'yan tsiraru da aikinsu ba faɗa ba ne, tsawatarwa ne. Suna da dogon sunan Turanci, amma ni a littafina masu raba faɗa na rubuta. In suka yi sanyi, sojojin sai su rasa mai kwaɓarsu, su juya kan jikin da suke gadi, su ci gaɓoɓi, ko su kashe ƙwayoyin da ke ba fata launinta har ta yi farin tabo. In kuma suka yi yawa suka cika zaƙewa, sai su riƙe hannun sojojin a lokacin da ake bukatar duka, ƙwayar cuta ta miƙe ƙafa ta zauna, kamar yadda ake gani a wani nau'in kuturta. Wato farin tabo a fata yana iya fitowa ta wannan hanya, yana iya fitowa ta waccan. Na haddace wannan kamar karatun allo, har mai shayin unguwarmu sai da na yi wa bayani, bawan Allah yana zuba madara yana cewa ikon Allah.

Ana cikin haka surukina Malam Garba ya kira ni a waya.

"Likita, in Allah ya kai mu Asabar ka biyo ta nan. Innarku ta, wani hwari ya hito mata ga hannu, mutane sun hwara magana."

Na san abin da maganar mutane ke nufi. Inna fura take yi. Shekara talatin tana dama fura a gidan nan, rabin Liba da furarta suke buɗe baki in sun dawo daga gona, har masu lodin albasa daga Maiyama kan aiko da kwano. Mace mai wannan sana'a hannunta shi ne komai nata. In aka ce hannun nan ba a cin abin da ya taɓa, to an gama da ita.

Ga wani abu kuma da ya kamata ku sani, wanda ni ma na sani sarai, na dai ajiye shi a gida ranar. Luba ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ni kuwa mijin 'yar fari, shekara uku da aure, ban taɓa ganin fuskarta gaba ɗaya ba, ban taɓa jin ta yi mini magana kai tsaye ba. In na je gaisuwa, durƙusawa nake a ƙofar ɗaki, in akwai wata mace kusa ita ce za ta amsa mini a madadinta. In babu kowa, sai dai in ji an amsa sallama can ƙasan maƙoshi, daga nan shiru har in gaji in tashi. Mutumen Jega, haka take kirana a bayan idona.

Na isa Liba rana tsaka, cikin bazara, irin zafin da kaji ke buɗe baki. Garin tsit. An gama cire albasa, maza suna wurin buhuna, mata sun shige ɗaka. Malam Garba yana zaure da maƙwabtansa uku, ya ce in shiga, shi ba zai tsaya a kai ba. Matan gidan da suka ji Likita ya zo duba Inna sai duk suka zame ta ƙofar baya don su ba mu wuri. Tsakar gidan ba kowa sai turmi a kife da wata akuya da ta tsaya cak tana kallona, ko tuƙa ba ta yi.

Na durƙusa na yi sallama. Aka amsa can ciki. Na ce, "Inna, hannun zan gani." An ɗauki lokaci, har na fara tunanin ko ba ta ji ba. Sai asabarin ya ɗan ɗaga, hannun ya fito.

Daga wuyan hannu zuwa yatsu fari ne fat, kamar an tsoma shi a ƙwaryar nono, gefen tabon a zane tsaf. Bayansa duhun ɗaki ne kawai. Ba na jin numfashinta, ba na jin motsin tabarma. Wallahi na ji kamar hannun ba shi da mai shi.

To akwai gwajin da ake yi don bambance kuturta da sauran farin tabo. Tabon kuturta ba ya jin taɓi. Ana murza auduga ta yi tsini, mara lafiya ya rufe ido, a riƙa taɓa tabon, shi kuma ya faɗi ko ya nuna inda ya ji. A littafi na karanta, ban taɓa yi ba. Na murza audugata da ƙwarewar wanda ya yi sau dubu, na ce, "Inna, ki runtse ido, in kin ji an taɓa ki, ki ce mini kin ji."

Na taɓa bayan hannun. Shiru.

Na taɓa tsakanin yatsu. Shiru. Na taɓa kan ɗan yatsa, na koma wuyan hannu, na ƙara dannawa. Ko tsikar hannun bai motsa ba. Na ce da ƙarfi, "Inna, kin ji?" Akuyar nan ce kawai ta juyo da kai. Kowane taɓi tsoro na ƙaruwa, kuma (Allah Ya yafe mini) wani daɗi na ƙaruwa tare da shi, don a zuciyata har na fara tsara yadda zan tsaya gaban aji a Aliero in ba da labarin mai kuturtar da na gano da kaina.

Na san kai mai karatu ka riga ka gane abin da ke faruwa. Ni da takardun shaidata biyu ban gane ba.

Na fito zaure ina cire safar hannu a hankali yadda manyan likitoci ke yi. Maimakon in ja Malam Garba gefe, a gaban maƙwabtan nan uku na ce, "Baba, sai haƙuri, kuturta ce." Ban tsaya nan ba, sai da na yi musu darasin masu raba faɗa tun daga farko, yadda suka yi yawa a jikin Inna suka riƙe hannun sojoji. Ɗaya daga cikin dattawan ya ajiye ludayin furar da yake sha, ya ture kwanon da ƙafa a hankali. Sai a ƙarshe, ina ɗaura jaka a babur, na tuna na ce ai yanzu akwai magani kyauta kuma ba a ware kowa. Ban jin akwai wanda ya ji wannan.

Da na koma gida na gaya wa Luba gwaji ya tabbatar. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ba ta tambaye ni wane irin gwaji ba, don ita ma ta yarda da farar rigar.

Washegari labari ya iske mu cewa Inna ta bar gidan. Ba wanda ya kore ta. Ita ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki buta da ƙwaryarta, ta ce ba za ta shafa wa jikoki ba, ta koma wata tsohuwar rumfar ajiyar albasa a ƙarshen gonar Malam Garba, gindin wata tsamiya da ko makiyaya ba sa hutawa a inuwarta. Abinci a bakin kunyar gona ake ajiye mata a juya. Luba ta je, Inna ta aiko a ce mata kada ta matso.

Mai kula da masu tarin fuka da kuturta a yankinmu wata dattijuwa ce, Sista Rifkatu, mutuniyar wajen Zuru, kuma ta tafi taro Birnin Kebbi sai bayan mako. Na ce kafin ta dawo bari in je in kankaro ɗan samfur daga fatar Inna, in duba da kaina, ta dawo ta iske na gama komai. A kwana na shida na koma Liba. A zaure aka tare ni da wani sabon zance: wai kullum in rana ta take tsaka ana jin ana dama fura a gindin tsamiya, alhali ba gero ba nono a wurin. Mata sun ce mutanen tsamiyar ne suka karɓe ta aiki. Na yi dariyar 'yan boko, na ce camfi ne, na ɗauki akwatina na nufi gona ni kaɗai.

Tafiyar ta fi yadda na zata nisa. Fili ne fetal, kunyoyin albasa sun bushe sun tsage, ba tsuntsu ba iska, sai warin ruɓaɓɓiyar albasa da ke tasowa daga ƙasa. Inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata. Ina cikin tafiya na fara ji. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ludayi ne ke zagaya ƙwarya, a hankali, ba gaggawa, irin damun wanda ya san hannunsa. Sai dai sautin a bushe yake, ƙwarya ce da babu komai a cikinta. Na tsaya, na karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Na matsa kusa da rumfar na yi sallama da wata murya da ban san ina da ita ba. Damun ya tsaya cak. Na jira. Sai tsohon buhun da aka rataye a ƙofar ya ɗaga kaɗan, farin hannun nan ya fito cikin rana, tafinsa a ƙasa, yatsu a buɗe, ya tsaya.

Jama'a, na gudu. Ba sauri na yi ba, gudu na yi, irin na tsere da rai. Na watsar da akwati, takalmi ɗaya ya maƙale a kunya na bar shi, farar riga na tashi a bayana. Na faɗo zauren Malam Garba ina haki, dattawan nan suna zaune. Wani ya ce, "Likita, lahiya? Camhin na ya biyo ka?" Na ce kunama ce na gani. Duk suka bi ƙafata marar takalmi da kallo, wannan ya fi zagi ciwo.

Sai a kan babur, wajen mararrabar Jega, hankalina ya dawo na gane abin da na gani. Ba aljani ba ne. Tsohuwa ce ta ji muryar surukinta, ta ɗauka ya zo ya sake gwada ta, ta miƙo masa hannu.

Ranar da Sista Rifkatu ta dawo na same ta a ofis na zayyana mata komai, ban da gudun. Tana rubutu tana tambaya.

"Tabon wane irin fari ne? Ja-ja ne kamar ya koɗe, ko fari sol?"

Na ce fari sol kamar nono. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Kafin ka taɓa tabon, ka fara taɓa lafiyayyar fata ka ga tana amsawa?"

Na ce ban ga bukata ba.

"Ita matar, mece ce ɗinka?"

Na ce, "Uwar matata ce."

Ta ajiye biro. Ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta mayar. "Ɗana, matarka ita ce ta fari?" Na ce e. Ta ce, "Tashi ka tayar da babur."

A gindin tsamiya ta sa na koma can nesa bayan rumfar, inda ba a ganina amma ina jin komai ta cikin karan da aka yi rumfar da shi. Malam Garba da matan gidan sun biyo mu sun yi cirko-cirko a bakin kunya. Sista ta shiga ba safar hannu ba komai, na ji ta ce, "Sannu Yaya, kawo hannun mu gani. Rufe ido."

"Nan," in ji wata murya. Karo na farko ke nan da na ji muryar surukata sosai, siririya ce, a tsaye.

"Yanzu fa?"

"Nan, ga ɗan yatsa. Nan kuma. Ke, cakulkuli kika yi min."

Matan bakin kunya suka fara salati. Sista ta ce, "To Yaya, ran nan da yaron nan ya gwada ki, ba ki ji ba ne?"

Sai Inna ta ce, "Na jiya mana. Sau goma sha ɗaya yat taɓa ni, dut ina ƙirgawa. Na ƙarshe har da zahi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Haba 'yar'uwa. Mijin ɗiyar hwari na. Da wane baki?"

"Da ya ce kuturta ce fa? Kika kwashe kaya kika dawo nan kwana takwas?"

"Shi ad da karatu. In na ce ba haka na ba, na ƙaryata shi gaban mutane. Gara in zamna nan."

Ina tsugune bayan rumfa, ƙafa ɗaya da takalmin aro, na ji dama ƙasa ta tsage in shige. Ba kunyar kuskuren ce ta fi ci na ba. Matar da na raba da gidanta da sana'arta, ashe kwana takwas tana zaune cikin warin albasa tana kare mini mutunci. Damun da ake ji kuwa, ta ce wa Sista hannunta ne ya saba, in rana ta yi tsaka ba ya iya zama haka nan.

Sista ta fito ta yi wa jama'a bayani da babbar murya. Ta ce ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarsa, ba ya shiga abinci. Sojojin jikinta ne suka rasa mai tsawata musu suka far wa launin fatarta, wato dai ɗaya hanyar da na haddace na kuma tsallake. Ta ce a kai ta asibitin fata a ba ta man shafawa, ta riƙa rufe hannun daga rana. Sannan ta leƙo bayan rumfa ta ce, "Likita, fito, an gama." Yadda ta ja sunan nan, da ta mare ni ya fi sauƙi.

Inna ta koma gida a ranar. Amma kalmar da na saki a zaure ta riga ta zaga Liba ta kai Maiyama, kuma bayanin Sista bai da ƙafar da zai kamo ta. Inna ta daka gero, ta cura fura, ta dama, ta rufe da faifai. Kwana uku ba wanda ya aiko da kwano. Da yamma akan juye wa awaki.

Luba ce ta yanke hukunci, bayan ta yi kwana biyu ba ta ce mini ko sannu ba. Ta ce, "Bakinka ya ɓata, bakinka za ya gyara."

Ku da kuka san al'ada kun san suruki ba ya cin abinci a gidan surukai a ga bakinsa yana motsi, balle a ƙofar gida, balle mijin 'yar fari. To ni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da duk garin ke wucewa, na sa farar rigata, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Garba, aka fito mini da ƙwaryar furar Inna cike. Na ɗaga ludayi na fara sha a gaban kowa. Mutane suka tsaya. Wata tsohuwa ta rufe baki ta ce, "Wanga yaro ba shi da ta ido." Wani ya ce ai dama tun da ya yi gudun kunama kansa bai koma daidai ba. Na shanye na ce a ƙaro. Asabar na dawo, Lahadi na dawo, na fasa zuwa Aliero. Abin da cikina ya yi a hanyar Jega ba zan rubuta shi ba.

A rana ta uku, ina tsakiyar ƙwarya ta biyu, dattijon nan da ya ture kwano da ƙafa ya zo ya tsaya kaina ya daɗe yana kallo. Sai ya zauna, ya karɓi ludayin daga hannuna ya kurɓa. Can sai ga wata mata da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta shige ciki ba ta dube mu ba. Ba duka suka dawo ba, akwai gidajen da har yau ba su ƙara aikowa ba, kuma wannan nawa ne, ni zan ɗauka.

Ina zaune na ji muryar Inna ta bayan katanga, tana magana da wata cikin matan gidan, amma da ƙarfin da zai iso ƙofar gida.

"A ce ma mutumen Jega ya isa haka nan. Ya tahi gida, kar ya ƙare ma masu saye hura."

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu duk wanda aka kawo mini, kafin in tambayi sunansa sai na tambaya ko akwai auratayya tsakaninmu. In kuwa na yi tambaya aka yi shiru, ba na rubuta komai, tashi nake in kira wanda ake iya amsa wa.